Yadda alamar @ guda ɗaya ta zubar min da girma a ofis

Masu ta turo min saƙo kuna tambayar me ya sa yanzu ake ce min "Oga Tsaro", ga labarin nan, don Allah kowa ya karanta ya ƙyale ni haka.

Kun san dai ni na rubuta ɓangaren shiga na manhajarmu, wanda ke tafiya da OAuth, wato tsarin ba wa manhaja izinin shiga asusun mutum. Mutum ya sa suna da kalmar sirri, sai sabar ta mayar da shi adireshin da aka rubuta a redirect_uri (gurbin da ke faɗin inda za a mayar da mutum), ta rataya masa lambar izini a wutsiya. Na san ba a barin wurin nan sakaka, a 2010 ma OWASP, ƙungiyar masu kula da tsaron manhajoji, ta saka matsalar a jerinta na manyan haɗura goma, shi ya sa na kafa sharaɗi: adireshin da bai fara da https://shafinmu.example ba a kore shi. Layi ɗaya tal, ina ji da shi.

To ranar mitin an jona kwamfutata da majigi, babban oga na zaune, ina ta zuba, har na ce wannan ƙofar ko ƙuda ba ya wucewa. Sai yaron nan ɗan koyon aiki, wanda ko gaisuwa a ciki-ciki yake yinta, ya ɗaga hannu ya ce "Oga don Allah ɗan danna abin da na turo maka." Na duba, adireshinmu ne a gaba, shafin shigarmu ne ya buɗe, ba na bogi ba. Na yi masa murmushin manya. Na rubuta kalmar sirri a hankali, har da karkaɗa yatsa kafin na buga Enter, wallahi karkaɗa yatsan nan ne yake hana ni barci, me ya kai ni? Allo ya yi fari na ɗan lokaci, ina cewa "kun gani ko," kalmar "ko" ɗin ba ta gama fita ba sai ga hotona ya cika bango, ina barci a kan tebur baki buɗe, an rubuta SANNU DA ZUWA OGA TSARO, a ƙasa kuma ga lambar izinina ɓaro-ɓaro. Na kai hannu zan rufe, na danna wani abu daban, hoton ya ƙara girma. Hancina kaɗai ya kai girman ƙofa.

Abin da yaron ya yi kawai shi ne ya rubuta https://shafinmu.example@mugu.example a gurbin redirect_uri. Sharaɗina ya ga farkon ya yi daidai ya ce wuce, ita kuwa burauza duk abin da ke kafin @ sunan mai shiga take ɗaukarsa, ainihin gidan shi ne na bayan alamar. Kuma da mugu ne na gaske sai ya yi amfani da lambar ya shiga a matsayina, bai taɓa ganin kalmar sirrina ba. Na ce ai mai sauƙi ne, sai a hana @. Ya ce "Oga shafinmu.example.mugu.example fa?" Na yi shiru. Ya ƙara da cewa wai RFC 9700, takardar ƙa'idojin tsaron OAuth da ta fito a Janairun 2025, ta ce a gwada adireshin harafi da harafi da wanda aka yi wa rajista, ba farko ba, ba tsakiya ba. Yana faɗa yana sunkuyar da kai cikin ladabi, ladabin ya fi zagi ciwo.

Amma ni ba yaron ne ya ƙona min rai ba, aikinsa ya yi. Mutumin nan ne na sashen kuɗi, kun san shi, wanda ba a ma gayyace shi ba, cajin waya ya shigo yi. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce "Ai wannan ko ni na sani." Kai ka sani? Kai da kalmar sirrinka ke manne a ƙarƙashin kibod da salatif? Kai da ka taɓa kirana hankali a tashe wai an yi maka kutse, na zo na tarar batirin linzaminka ne ya mutu? Kuma na zauna na ƙare wa hoton kallo daga baya, daga ɓangaren teburinsa aka ɗauke shi, har gefen kofinsa ya fito. Na tambaye shi ya ce shi wayarsa ma kyamararta ba ta aiki, alhali da ita yake ɗaukar rasit kullum.

Mun dai gyara, yanzu jerin adireshi ne a rubuce, wanda bai yi daidai ɗari bisa ɗari ba a kore shi. Babban oga bai ce komai ba har yau, sai dai in mun haɗu ya ɗan karkaɗa yatsa. Cajar da mutumin ya shigo da ita ranar ma ashe tawa ce, kuma bai dawo da ita ba.