Birik tana sayar da abin da Garwa ta raina

Ɗan Arewa da ya sauka daga jirgin ƙasa a Yawunde da safe, bayan ya kwana yana girgiza tun daga Ngaundare, tambayar farko da ake yi masa ita ce wajen wa zai sauka a Birik. Ko can ɗin zai je, wannan ba abin tambaya ba ne. Unguwar Briqueterie, wadda kowa ke kira Birik, ita ce zangonmu a babban birnin ƙasarmu Kamaru. Ni ɗan Garwa ne da neman abinci ya zaunar a nan, kuma akwai maganar da na daɗe ina so in faɗa wa mutanen gida ko da ba za ta yi musu daɗi ba: kusan duk abin da ake tururuwa a zo gani a Birik namu ne, a gida ya fi kyau, amma a gida mun ɗauke shi ba a bakin komai ba.

A fara da nama, don shi ne ya ɗaga sunan unguwar. Da la'asar sakaliya masu tsire sun hura gawayi, kafin magariba hayaƙi ya rufe bakin titi. Ka tsaya gaban ɗaya ka ga aiki: wuƙa tana tafiya a kan katako ba ya ko kallon ta, ya yanka maka ɗan ɗanɗano ya miƙo a bakin wuƙar, in ka gyaɗa kai ya zuba a takarda, ya watsa albasa, ya tambaye ka yaji nawa. To duba waɗanda suke layi tare da kai. Ma'aikatan ma'aikatun gwamnati ne da kwat da laƙataye, da ɗalibai, da matan Kudu da suka ajiye mota nesa suka tako, wasu su haɗa naman da gasasshiyar ayaba, wasu da tuwon rogon nan da ake naɗewa a ganye. Mutum ya ratsa rabin gari a tasi, an cusa shi da fasinja huɗu, don ya ci abin da yaron unguwarmu ke saya a bakin kasuwa ba tare da ya ɗauke shi wani abin labari ba.

Daga nan sai layin teloli da masu yadi. Shadda, atamfa, huluna, turaren wuta, kekunan surfani suna ruri har tsakar dare idan Sallah ta matso. Wanda bai taɓa zuwa Arewa ba, a nan yake fara sanin bambancin ɗinkin hannu da na inji a wuyan riga, kuma a nan yake biyan kuɗin koyo. Ranar Juma'a babban masallacin unguwar ba ya ɗaukar jama'a, sahu yana fitowa har kan kwalta, motoci su haƙura. Wanda yake son sarari sai ya hau Tsinga, inda masallacin da Saudiyya ta gina yake. Ƙasa kaɗan kuma ga zauren wasannin da Sin ta gina aka buɗe a 2009, ga kasuwar Mokolo ba nisa. Cikin azumi ne dai unguwar take cika kamanninta, lokacin da ƙosai da kunu da dabino suke mamaye kowane lungu, mai shayi kuma ba ya tashi sai an kusa sahur.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake kwatantawa. Birik a matse take, ɗaki ɗaya mutum biyar, kuɗin haya kuma ya fi ƙarfin ɗakin. Yawunde gari ne na tuddai da damina biyu a shekara, in ruwan Oktoba ya sauko kwata ta cika, jar laka ta bi ka har kan tabarma. Duk mai iyali da ya sami hali yana neman wata unguwa ya koma, ya riƙa zuwa Birik cin nama da sallar Juma'a kawai.

Yanzu a juya a dubi Garwa. Muna da Binuwai, kogi sukutum a gindin gari, da gada a kansa, da dorinar ruwa da ake iya hangowa. Muna da tafkin Lagdo, wanda madatsar da aka gama a 1982 ta haifar, inda giwan ruwa da karfasa suke fitowa ɗanyu, ba kifin da ya kwana a ƙanƙara ya sha hanya ba. Kilishinmu a rana ta gaske yake bushewa, abin da mai kilishi a Yawunde yake roƙon Allah ya samu kwana biyu a jere. Muna da fadar Lamiɗo da hawan dawakai ranar Sallah, muna da babban masallacin Pumpumre, muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008 kafin Al Ahly ta Masar ta doke ta. A kan hanyar Ngaundare ga gandun dajin Binuwai. Birik ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da take da shi, duk wanda ya sauka a Yawunde ya ce yana son nama mai kyau, direban tasi ba zai yi dogon tunani ba.

Gwada haka a Garwa. Baƙo ya tsayar da mai babur bayan isha'i ya ce a kai shi inda ake cin abinci ana hira. In mai son mashaya ne a nufi unguwar Yelwa da shi. In ba mai sha ba ne, sai a fara kame-kame, a ƙarshe a ce ya bari gobe wani abokinmu zai gayyace shi gida. Karamci ne, ban musa ba, kuma tuwon gida ya fi na kasuwa. Amma karamci ba ya ciyar da mahauci da mai shayi da tela, ga shi baƙon da bai san kowa ba ya koma masauki ya kwanta da wuri, gobe ya ce garin ba abin yi.

Mun ga abin da zai yiwu a Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka. An gyara filin Rumde Ajiya, Najeriya ta buga wasanninta a can, ta ci Masar ɗaya da nema, daga baya Tunisiya ta fitar da ita a filin dai. 'Yan'uwa daga Yola da sauran garuruwan ƙetaren iyaka suka cika gari, Hausa da Fulatanci suka gauraye a kowace rumfa, masu abinci suka yi ciniki. Gasa ta ƙare, kowa ya naɗe tabarmarsa. Ba wanda ya ce tunda an ga mutane suna son zama waje da dare, bari a tsayar musu da wuri guda.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce zafi, kuma gaskiya ne, a Maris da Afrilu ma'auni yana haura digiri 40, ba mai yawon buɗe ido da rana tsaka. Amma wannan hujja ce ta goyon bayan kasuwar dare, don dama sai rana ta faɗi garin yake numfashi. Za a ce Yawunde ce ke da masu albashi. Haka ne, sai dai Garwa ma hedikwatar yanki ce, ga ma'aikatan kamfanin auduga, ga filin jirgin sama, ga fatake masu wucewa zuwa Marwa da Njamena. Za a ce tsaro. Birik ma tana da 'yan sane, ba su hana kowa cin tsire ba.

Ba gwamnati ce ta zauna ta tsara Birik ba. Mahauta ne suka jeru a wuri ɗaya, teloli suka bi su, mai shayi ya kafa tebur a tsakani, suna ya tafi. Abin da nake so in gani a Garwa bai wuce haka ba: layi ɗaya kusa da kogi, da fitilu masu aiki da hasken rana, da famfo, da wanda zai kwashe shara da asuba. Masu gasa kifin Lagdo a gefe guda, masu kilishi da balangu a ɗaya gefen, da benci inda magidanci zai zauna da matarsa da 'ya'yansa ba tare da an yi masa wani kallo ba. Masu unguwanni da shugabannin mahauta suna iya kai wannan magana gaban magajin gari, kuma Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da iska ta yi sanyi, shi ne lokacin gwadawa.