Na je Banaras, na ga inda suke ƙona mamatansu, kuma ban ga abin dariya ba

Shekaranjiya wani ya turo bidiyo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Gawa ce a kan tarin itace, wuta na ci, an ɗora sautin ƙyalƙyala dariya a kai. Nan da nan mutane suka yi ta tofa albarkacin bakinsu, mai cewa wannan ai gashi ne, mai cewa Allah wadaran naka ya lalace. Ni kuwa tun kafin bidiyon ya kai rabi na gane wurin, domin na taka waɗannan matakalu da ƙafata. Manikarnika ne, inda mabiya addinin Hindu suke ƙona mamatansu, a birnin Banaras na ƙasar Indiya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bara da hunturu na raka Kawuna asibiti a Delhi. Bayan an yi masa aiki, ɗansa ya iso ya karɓe ni jinya, sai na ce zan leƙa Banaras na kwana biyu. Kawu ya dube ni daga kan gado ya ce, "Kai yaro, me ka ajiye a garin masu bautar gumaka?" Na ce, "Kawu, gani kawai zan je yi." Ya ce to, kada dai in yarda salla ta wuce ni. Awa takwas jirgin ƙasa ya yi da ni.

Garin yana jihar Uttar Pradesh, a gaɓar kogin Ganga, kuma sunansa uku: Varanasi a takardun gwamnati, Banaras a bakin mutanen gari, Kashi a bakin masu ibada. Yana cikin tsofaffin biranen duniya da ba su taɓa zama kufai ba. Gaɓar kogin duk matakalu ne na dutse da suke gangarawa har cikin ruwa, sun fi 80, su suke kira ghat. Bayan na yi sallar asuba a masauki na ɗauki hayar kwale-kwale. Hazo ya lulluɓe ruwan, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, amma ga tsofaffi maza da mata tsaye cikin kogin har ƙugu, suna kamfatar ruwa da tafin hannu suna ɗagawa wajen fitowar rana. Wata tsohuwa haƙoranta na kaɗawa, jikarta na riƙe da hannunta kada ta zame.

Aƙidata ba ta motsa ba ko da ƙwayar zarra. Abin da suke bauta wa ban yarda da shi ba, kuma haikalinsu ban shiga ba. Amma na ga mutane da suka ɗauki abinsu da gaske, wasu sun yi shekaru suna tara kuɗin zuwa.

Da muka doshi Manikarnika mai kwale-kwalen ya rage tuƙi, ya nuna aljihuna ya girgiza kai. A nan ba a ɗaukar hoto. Na sauka na tsaya daga gefe, kusa da inda ake auna itace a kan babban sikeli, domin da awo ake sayar da shi, kuma talaka yakan sha wahala kafin ya haɗa na mamacinsa. Ta lunguna ake fitowa da gawa, a kan makarar gora, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ruwan lemo da ƙyalƙyali, masu ɗauka na maimaita wata kalma tasu da ke nufin sunan ubangijinsu Ram shi ne gaskiya. Sai a tsoma ta cikin kogin, a ɗora a kan itace, a zuba man shanu. Wutar ba ashana ake ƙyastawa ba, daga hannun wasu mutane da ake kira Dom ake karɓarta, su ne suka gaji aikin kaka da kakanni, duk da cewa a tsarin zaman Indiya ana ɗaukarsu na ƙasa-ƙasa. Dare da rana wurin ba ya rabuwa da hayaƙi. Imaninsu shi ne wanda ya mutu a Kashi ya tsira daga sake dawowa duniya a wata haihuwar, shi ya sa har gidaje ake da su inda tsofaffi ke zuwa su jira ajalinsu.

Abin da ba zan manta ba shi ne wani yaro, da ƙyar in ya kai shekara goma sha biyar. An yi masa aski tal, an ɗaura masa farin ƙyalle, ƙafarsa ba takalmi. A al'adarsu babban ɗa ne yake sa wa mahaifinsa wuta. Aka miƙa masa dunƙulen busasshiyar ciyawa mai ci, ya fara zagaya gawar, hannunsa na rawa har garwashi na zuba. Da ya zo wajen kai sai ya tsaya cak, ya kasa. Wani dattijo ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana a kunne, ya kama hannun nasa suka kai tare. Yaron bai yi kuka da sauti ba, leɓensa kawai ya cije.

A nan na tuna ranar da aka ce in shiga kabari in karɓi mahaifina. Haka gwiwoyina suka yi sanyi, haka wani ƙanen babana ya riƙe ni. Mu ƙasa muke binnewa, kuma na gode wa Allah da ya sa ni cikin masu binnewa. Sai dai maraicin da na gani a fuskar yaron nan shi ne wanda na sani. Duk bidiyon da ake yawo da shi ana dariya, akwai yaro irin wannan tsaye a gefe, kyamarar ce kawai ba ta nuna shi ba.

Ya tabbata a hadisi cewa an wuce da jana'iza ta gaban Manzon Allah (SAW) sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce, "Ashe ba rai ba ne?" Wanda muke iƙirarin bi ke nan. To daga ina muka samo izinin mayar da gawar ɗan Adam abin nishaɗi?

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba: fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Banaras Musulmi ne. Da azahar na bi kiran salla har unguwar Madanpura, inda ko ta ina ƙarar masaƙa kake ji. Shahararren sarin nan na alharini mai zaren zinare da amaren Hindu ke alfahari da shi, galibi Musulmi ne ke saƙa shi. Bayan salla wani dattijo mai farin gemu ya ja ni gidansa, ya ba ni shayi a ɗan kasko, ya zauna a ramin masaƙarsa yana nuna mini yadda ake shigar da zaren ɗaya bayan ɗaya. Da jikansa ke fassara mana, ya ce, "Ɗan'uwa, mu da su katanga ɗaya muke, su ne masu sayen kayanmu."

Zaman ba lafiya lau yake ba, ba zan ɓoye ba. Masallacin Gyanvapi, wanda aka gina zamanin Sarki Aurangzeb, yana manne da haikalin Kashi Vishwanath da Sarauniya Ahilyabai Holkar ta sake ginawa a 1780. Rikicin wurin yana kotu, a Janairun 2024 ma wata kotu ta ba Hindu damar yin bauta a wani ɗaki na ƙarƙashin masallacin. Ko'ina 'yan sanda ne da shingen ƙarfe. Musulmin garin suna taka-tsantsan da kowace kalma, mu kuma daga nesa muna izgili ba tare da tunanin wa zai kwana a ciki ba. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci.

Kogin kansa ya ba ni tausayi. Ƙazantar birane da dattin majemun birnin Kanpur duk ciki suke zuba. Tun 1986 gwamnatin Rajiv Gandhi ta fara shirin tsabtace shi, ta Modi, wanda shi ne ɗan majalisar Banaras tun 2014, ta kawo nata, amma da idona na ga baƙin ruwa na kwarara kusa da inda ake wanka. Wannan abin a yi magana a kai ne, kuma 'yan ƙasar suna yi.

Da na koma Delhi na tarar Kawu ya fara zama a kujera. Na ba shi mayafin da na saya wajen dattijon Madanpura, ya shafa ya yaba saƙar. Ya ce, "To me ka gano?" Na ba shi labarin yaron da hannunsa ke rawa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah sarki, ashe maraya ka gano." Ya ɗauki carbinsa ya ci gaba da ja.