A kai yara fadama su taka laka, zanen allo ba ya isa

Ni dai har yau ban gane malamin da zai zana bado a allo, ya ce wai ya koyar da tsirran ruwa ba. Ka kwashi ɗaliban nan ka kai su bakin fadama mana, a tsinko karan bado guda a yanka a gabansu, su ga ƴan ramukan da ke ciki, ta nan ne fa iska ke gangarawa har saiwar da ke binne cikin lakar da babu oksijin. Yaron da ya leƙa ramukan nan da idonsa ba sai an sa shi hadda ba.

Yawancinmu kallon matattarar sauro muke wa dausayi, a cike shi da ƙasa a yi gini kawai. Shi ya sa rahoton da aka fitar a 2018 ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda aka ƙulla a Iran tun 1971, ya ce kusan kashi 35 cikin ɗari na irin waɗannan wurare sun salwanta tsakanin 1970 da 2015. Amma faɗi gaskiya, wa lissafin nan ya taɓa hana barci? Abin da ke shiga zuciya shi ne ka tsaya gaban kachalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, jagora ya nuna maka ruwa ya shigo jawur da laka, ya ratsa ta, gudunsa ya ragu, dattin ya kwanta, saiwoyin suna zuƙe ragowar takin da ya kwararo daga gonaki. A gabashin Kolkata ta Indiya da irin wannan aiki dausayi ke tace ƙazamin ruwan birni, ba inji ba.

Jagoran kuma ba kowa ba. Wanda zai jero sunayen Latin yana tafe kamar mai karanta rajista gara ya zauna a ofis. A samo wanda zai ce musu ita kachallar nan da muke yabo, in ta yi yawa toshe hanyar ruwa take yi, ita ma kainuwa, duk da ana mata kirari da dashen Allah, in ta rufe tafki ta tare rana, kifi ne ke shan wahala. In son samu ne a haɗa malamin kimiyya da masunci, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Na san masu cewa akwai haɗari, kuma ba ƙarya suke ba, dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a irin ruwan nan yake zama, ga kuma yara arba'in in aka sake su sai sun tattake abin da suka zo gani. To a raba su goma goma, a sa musu takalman roba masu tsawo, a bi hanya ɗaya, kuma jagora kaɗai ke da izinin tsinka.