Noti biyar kacal, in ji ni

Ranar Asabar ana jirana a ɗaurin aure a Gwale ƙarfe sha ɗaya, na fito cikin shadda ta sha bugu, na tarar da tayar baya ta ɓangaren kwata ta kwanta. Mai facin bakin titi bai fito ba, wayarsa a kashe. Na ce ai noti biyar ne kacal. Na tuɓe babbar riga na rataya a ƙofa, na buɗe but na zaro jak da sifana.

Ku da kuka san layinmu kun san ba a motsi Alhaji bai gani ba. Kafin in durƙusa har ya jawo kujerarsa, rediyo a cinya, carbi a hannu.

"Malam, ka sa dutse?"

Na ce na ja birkin hannu, Alhaji.

"Birkin hannun motocin yanzu? Tokare tayar gaba ta wancan ɓangaren, gaba da baya."

Na tokare. Maganarsa daidai ce, yadda yake faɗinta ne ke ƙona rai.

Ni dai na san aikina. Ana sassauta noti tun taya tana ƙasa, kafin jak ya ɗaga ta, kuma hagu ake murɗawa. Matsalar ita ce wancan karon da aka sauya min tayoyi, da bindigar iska yaron shagon ya ɗaure su, yana ta luguden tarrr yana hira da abokinsa. Ita kuwa sifanar da Corolla ke zuwa da ita, mai lamba 21, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Na danna da hannu, shiru. Na taka da ƙafa ɗaya, shiru. Sai na dafa rufin mota na hau kanta da ƙafa biyu, na fara ɗan tsalle-tsalle.

A daidai lokacin aka fito tara a Islamiyyar layin baya.

Ina so a fahimci wannan wurin da kyau, domin an riga an fara ɓata labarin a majalisa. Ban yi ihu ba. Abin da ya faru, bakin sifanar ya suɓuce daga kan noti ina sama. Hannuna na dama ya zame a rufin mota saboda zufa, na hagu ya kamo iska. Na ga hulata ta riga ni tafiya, na ga sama, na ga wayar lantarki, har na samu lokacin tunanin cewa kwata ce a bayana kuma ranar wanki ce a gidan sama da mu. Sai ji kake tinjim. Ƙafa ɗaya a cikin ruwan, ɗaya a sama, takalmin ya tafi ƙarƙashin mota. Sautin da ya biyo baya kuwa na wando ne, tun daga cinya har inda bai kamata ba. Salati na yi da ƙarfi, ba ihu ba, kuma akwai bambanci.

Layin ya yi tsit. Sai wata yarinya mai shuɗin hijabi ta ce, "Laa, Malamin lissafinmu ne!" Suka haɗa baki su kusan ashirin, da irin muryar gaida baƙo a aji: "Sannu Malaaam." Ɗaya ya tsamo min hula ya miƙo da yatsa biyu tana ɗiga. Na ce su wuce. Ba wanda ya wuce. Na kasa miƙewa saboda wandon, na kasa zama saboda ruwan, na tsaya a tsakani ina musu kallon da nake yi a aji, kallon bai yi aiki ba.

Alhaji bai ko motsa ba. Ya rage ƙarar rediyo dai, ya ce, "Malam, kai da ke koyar da lissafi, ba a faɗa muku tsawon hannu shi ne ƙarfi ba?" Ya ƙwalla wa jikansa kira ya ɗauko paip a zaure. Bututun ruwa ne na ƙarfe, zai kai mita ɗaya. Yaron nan, da bai fi shekara sha biyu ba, ya zura shi a hannun sifana, ya tabbatar bakinta ya zauna sosai a kan noti, ya danna. Ƙyas. Ya koma na biyu. Ƙyas. Hannu ɗaya fa, ɗayan yana riƙe da rake.

To abin da nake tambaya, tun yaushe paip ɗin yake zaure? Tun ina dannawa da hannu yana nan. Mutumin nan ya zuba min ido ina hawa ƙarfe da girmana, bai ce uffan ba sai da na jiƙe. Kuma ba yau ya fara ba. Ranar da ragon layyata ya tsinke, sai da muka zaga unguwa muka dawo a galabaice ya ce ai ya ga shigarsa kangon bayan masallaci. Shi da motarsa 504 ke kan bulo ƙarƙashin tamfol tun kafin in tare a layin, kaji na ƙwai a kujerar baya, amma kullum sai ya tuna min cewa a Kaduna aka harhaɗa ta, kamfanin Fijo da ya fara aiki a 1975, ƙarfe ce ba gwangwani ba. Kuma a tuƙin motar gwamnati da ya yi, wai shi kaɗai yake sauya taya a hanyar Birnin Gwari da dare, ba fitila. Kowane faɗi sai daren ya ƙara duhu.

Na shiga na sauya wando. Uwargida ba ta ce komai ba, kafaɗunta ne kawai ke rawa a bakin murhu.

Saura ɗaga mota. Na sa jak a inda aka yi masa 'yar tsaga a ƙarƙashin gefen mota, na fara murɗawa. Ina murɗawa, mota na nan inda take, jak ne ke nitsewa cikin rairayi. Alhaji ya ce a sa katako a ƙasansa. Katakon da na samu shi ne na yanka albasa. Mota ta ɗagu, taya ta fito, Alhaji ya sa na tura ta kwance ƙarƙashin motar ko da jak zai zame, katako kuma ya ce ƙas ya tsage biyu amma ya riƙe.

Na ɗago safaya. Irin 'yar siririyar nan ce da motocin Amurka ke zuwa da ita, an liƙa mata takarda kar a wuce kilomita 80, kuma iska 60 take so. Wannan ko goma ba ta da shi, da babban yatsa na lotsa ta. Ƙanin uwargida ne ya ari motar zuwa Wudil da ƙaramar salla, ya dawo yana cewa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Jikan Alhaji ya duƙa ya karanto lambobi huɗun da ke gefenta, 2311, ya ce Kawu wannan mako na 23 ne a 2011, ta girme ni. Kakansa ya koya masa, mana.

Ƙarshe dai a A Daidaita Sahu na rungumi tayoyin biyu zuwa wani mai faci a gaba. Ya watsa ruwan sabulu, kumfa ta tashi, ya zaro ƙusar rufi da filaya, ya cusa zaren faci, minti goma bai cika ba. Da na dawo Alhaji ya tsare ni sai na ɗaure noti ina tsallake ɗaya-ɗaya, sannan in ƙara matsewa bayan mota ta sauka.

Na isa Gwale ana naɗe tabarmi. Ango ya ce ai ya ji labari, wai wata 'yar yayarsa tana Islamiyyar. Uwargida kuma ta ce katakon daga kayan aurenta yake, ban san yanzu nawa ake sayar da shi ba, wanda zai shiga Kurmi ya taya ni tambaya.