Wai zaunar da tsoho shi ne gata

Waɗanda suka bi maganar keken Baba sun san inda aka kwana: gida an hana mahaifinmu hawa kekensa, ni kuma na ce ban yarda ba. Yau sati uku cif keken yana ɗakin ajiya an ɗaure shi da sarƙa kamar wanda ya yi sata, makulli na aljihun Yaya, shi kuma Baba yana kan sabuwar kujera mai laushi da rimot a hannu yana kallon talabijin ɗin da ko sautinta ba ya ƙarawa. Kuma don na ce a mayar masa da kekensa, wai ni ce mara tausayi. Ni ce nake so in kashe tsoho. To madalla, na gode da addu'o'in da kuka cika min waya da su.

Mutum ya shekara 74, sama da hamsin daga ciki yana kan keke, rana ɗaya tak ya zame a yashi ya ƙuje gwiwar hannu, ƙujewar da ko ɗinki ba a yi ba, shi ke nan aka kira taron gaggawa aka yanke hukunci cewa daga yau ya huta. Ya huta da me? Wa ya ce muku ya gaji?

Ni dai abin da na gani da idona shi zan faɗa. Da, Baba in zai tashi daga zaune tsam yake miƙewa, ko dafa gwiwa ba ya yi, har gori yake mana wai mu yaran zamani sai mun yi nishi kafin mu tashi. Jiya ina tsaye a bakin ƙofa bai san ina kallo ba, ya dafa hannun kujera da hannu biyu, ya yunƙura ya koma, ya sake yunƙurawa ya koma, sai a na uku ya miƙe, kuma da ya miƙe sai da ya ɗan tsaya yana riƙe da bango. Sati uku kacal fa. Da ya hango ni sai ya wayance wai silifas yake nema.

Wannan ba tsufa ba ne, zama ne. Zama ne yake cinye shi, kuma mu muka zaunar da shi.

Tun 1966 aka yi wannan gwajin a Dallas ta Amurka. Samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, aka kwantar da su a gado sati uku ba tashi, aka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu kafin da bayan. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar aka auna su, sun kai hamsin. Abin da aka gano, kwanciyar sati ukun nan ta fi shekara talatin ɗin illa ga ƙarfin jikinsu. Samari ke nan masu jini a jika. To ina ga dattijon da dama naman jikinsa ke raguwa da kansa? Domin tun daga wajen shekara talatin tsokar mutum take fara zaizayewa a hankali, bayan sittin abin ya ƙara sauri, kuma babu abin da ke riƙe ta kamar a yi aiki da ita. Ka ajiye ta ta tafi, dawo da ita kuwa a wannan shekarun sai an sha wuya.

Na san me za ku ce, kun riga kun faɗa sau ɗari. In ya faɗi ya karye fa? Eh, faɗuwa ba wasa ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa kuma waɗanda suka haura sittin su suka fi yawa. Na yarda. Amma me yake kayar da tsoho? Raunin cinya da rashin daidaiton tsayuwa. Kuma yawancin faɗuwar tsofaffi a cikin gida take faruwa, a banɗaki, a bakin gado, a kan dakali, ba a kan titi ba. Wato kun hana shi abin da ke ƙarfafa masa ƙafa don kada ya faɗi, sannan kun bar shi da ƙafar da ba za ta kai shi banɗaki lafiya ba. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Ita hukumar da kuke kafa hujja da ita cewa ta yi wanda ya kai 65 ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, ya kuma ƙara da atisayen ƙarfi da na daidaita tsayuwa kwana uku a sati, musamman don gudun faɗuwar. Ban ga inda ta ce a saya masa kujera mai laushi ba, in kun gani ku turo min.

Wata kuma ta rubuto min wai girma ne, bai dace a ga mahaifinmu a kan keke ba alhali 'ya'yansa na da mota. A'aha, yanzu muka zo wurin. Ashe ba gwiwar hannun Baba ce damuwar ba, kunyar idon mutane ce. Kada a ce 'ya'yan wane sun kasa. To ki sani a 1953 wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya duba ma'aikatan manyan motocin bas masu hawa biyu, ya ga direbobin da ke zaune yini guda sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai wani na zaune wani na motsi. Shi kansa likitan bai daina motsa jiki ba har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Zuciya ba ruwanta da wanda ya fi girma a mota.

Kar wani ya juya min magana. Ban ce tsohon da likita ya ce ya kwanta a tashe shi ya yi tsere ba, wanda jiri ke ɗiba ko idonsa ya yi rauni wannan maganarsa daban. Baba an kai shi an duba, hawan jininsa na nan daidai da maganin da yake sha, idonsa da tabarau ras. Ba likitan da ya ce a ɗaure keke. Mu ne likitocin, a guruf ɗin WhatsApp na gida muka yi karatun.

Abin da ya fi ci min rai ma ba ƙafar ba ce. Keken nan shi ne hanyarsa ta zuwa wurin mutanensa. Kullum da hantsi zai goge shi da tsumma, ya matsa tayoyin da yatsa, ya tafi wurin abokansa su uku da suka rage, su zauna su yi ta musu a kan abin da ya faru shekara arba'in da suka wuce, ya dawo yana ba mu labari yana dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Yanzu shiru. Barcin rana ya ƙaru, na dare ya gudu, aski ma sai an tuna masa. Shekaranjiya na ce Baba me kuke so in kawo muku, ya ce ba komai 'yar nan, ai ni yanzu kaya ne, inda aka ajiye ni nan nake. Da murmushi ya faɗa amma wallahi sai da na shiga ɗaki na share hawaye. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar kaɗaici ga rai tana iya kaiwa ta shan sigari 15 a rana. Mu da ko warin sigari ba za mu bari ya kusanci Baba ba, mun ɗauki kaɗaici mun miƙa masa da hannu biyu muna kiransa gata.

Yaya, na san kana karantawa, kuma na san tsoro ne ya sa ka, ranar da aka kira ka aka ce Baba ya faɗi na ga yadda hannunka ke rawa. Ba na zarginka da rashin so. Amma tsoronka ne kake magani ba lafiyarsa ba, kai kake samun barci shi yana rasawa. Na ce a saya masa hular kwano, a gyara birki, ya daina bin babban titi, ya dawo kafin duhu, ka ce a'a. Na ce to ka riƙa raka shi da ƙafa minti ashirin da yamma, ka ce aiki ya yi maka yawa. To ba ka da lokacin raka shi, kana da lokacin ɗaure masa keke.

Masu turo min hoton keken motsa jiki na cikin ɗaki kuma, na gode, amma ku gaya min wane aboki zai tarar a ƙarshen tafiyar.

Af, na leƙa ɗakin ajiyar ɗazu, tayar baya ta sace gaba ɗaya, shi ma keken zaman bai karɓe shi ba. Na nemi famfo in ɗan ba ta iska kafin robar ta tsage, sai na tuna tun bara wani ya are shi wai minti biyar zai dawo da shi. Yana cikin masu danna min alamar so a nan kullum, ya san kansa. Famfon ja ne, an naɗe hannunsa da baƙin salatif.