An ce sau ɗaya zan biya, yau kullum hannuna a aljihu

Ku masu gina wa 'yan kasuwa shafin intanet, don girman Allah ku riƙa faɗin gaskiya tun ranar farko. Kuɗin aikinku bai dame ni ba, kowa da sana'arsa yake ci. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ku zo ku faɗa wa mutum kuɗin gini, ku yi gum a kan kuɗin riƙo, alhali kun san nan ne wahalar take.

Shadda da atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari. Ina da masu sayayya daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Marwa, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba. Shi ya sa da wani matashi ya zo da kwamfutarsa yana nuna mini yadda kayana za su jeru a waya, kowane da farashinsa, na ga hankali a maganar. Na tambaye shi da bakina: bayan wannan akwai wani kuɗi? Ya ce, "Haba Alhaji, sau ɗaya ne, sai ɗan abin sabuntawa da bai kai ya kawo ba." Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san sayensa ne mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa da mai kula da shi su ne ke tsiyata mutum. To abin da aka sayar mini ke nan, aka ce ba ya cin komai.

Mu fara da sunan shafin. Ashe ba sayar maka da shi ake yi ba, haya ce ta shekara-shekara, ranar da ka daina biya ka daina mallaka. Duk wani adireshi da ya ƙare da .com yana ƙarƙashin wani kamfanin Amurka ne mai suna Verisign, kuma kuɗin sari da yake karɓa daga dillalai ya tashi daga dala 7.85 zuwa dala 10.26 tsakanin 2021 da 2024, ƙari huɗu a jere. Dillali ya ɗora nasa, injiniyanka ya ɗora nasa. Wani zai ce ai dala goma ba komai ba ce. Ga mai karɓar albashi da dala, haka ne. Ni da naira nake sayar da yadi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; aka sake ta, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Yi lissafi da kanka: hidimar da ke cin dala 100 a shekara, wadda da dubu 46 ce, ta koma sama da dubu 150, ba tare da an ƙara maka ko maɓalli ɗaya a shafin ba. Ribar turmin atamfa kuwa ba ta ninka uku ba, ta ma ragu, don mai saye shi ma yana kukan nasa.

Ko da kuɗin a hannunka, biyan ma wani yaƙi ne. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, aka daɗe a haka. A lokacin sai ka je Wapa wajen 'yan canji ka sayi dala ka zuba a asusun dala, ko ka buɗe irin katin nan na cikin waya da ke yankar kuɗi wajen zubawa, ya kuma yanka wajen cirewa, wata rana kuma ya ƙi aiki ba dalili. Ga harajin kashi 7.5 cikin ɗari da manyan kamfanonin waje ke ɗorawa a kan takardar biya. Wato kana da kuɗinka, kana roƙo a karɓa.

Sai kuɗin wurin da shafin yake zaune, abin da suke kira hostin. A nan ne dabarar 'yan kasuwar waje take, kuma ni ɗan kasuwa ne, na gane ta sarai: shekarar farko a yi maka arha kamar kyauta, ranar sabuntawa farashin ya ninka biyu ko uku, saboda sun san kwashe kaya a koma wani wuri wahala ne. Yaron nan ya san haka tun ranar da ya zaɓa mini, farashin shekarar farkon ya nuna mini. Da hotuna suka yi yawa shafin ya fara jan ƙafa, sai aka ce sai mun hau babban tsari. Ina mai sayar da leshi zai rage hotuna? Mace ba ta sayen leshi sai ta ga zanensa kusa da kusa.

Wanda ya fi ba ni haushi a ƙananan kuɗaɗen shi ne na takardar tsaro. Tun 2018 manhajar Chrome ke rubuta wa mai shiga gargaɗin cewa shafi ba shi da tsaro idan ba shi da ita, kuma ba wanda zai sa lambar katinsa a inda aka rubuta haka. Kowace shekara sai an karɓi kuɗinta a hannuna, a kira ta da babban suna. Sai wani ɗan maƙwabcina da ke karatun kwamfuta ya duba ya ce, "Baba, ai wannan ta Let's Encrypt ce, kyauta ake bayarwa, da kanta take sabuntuwa kafin wa'adinta ya ƙare." Kyauta! Da na tuntuɓi injiniyan nawa sai ya ce kuɗin sa ido ne yake karɓa. Sa ido a kan abin da ke sabunta kansa.

To da ma idon ake sawa da gaske. Shafin nawa a kan WordPress, wata manhajar haɗa shafi, aka gina shi, kamar da yawa daga cikin na ƙananan 'yan kasuwa, aka jona masa ƙananan manhajoji barkatai: ta kwandon saye, ta karɓar kuɗi, ta rage nauyin hoto, ta tsaro. Kowacce da mai ita, wasu da lasisinsu na shekara, da dala. Idan aka sabunta ɗaya sai ta yi faɗa da 'yar'uwarta. Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, lokacin da ɗan Kwari ke yin cinikin da zai riƙe shi watanni, maɓallin biya ya daina aiki. Mutum ya zaɓi shadda, ya zuba a kwando, ya danna, sai farin allo. Ban sani ba sai da wani abokin ciniki daga Damagaram ya kira yana tambaya ko mun rufe ne. Na kira injiniya, waya a kashe. Na kira da dare, ya ɗaga ya ce yana Abuja kan wani aiki, kuma wannan gyaran gaggawa ne, ba ya cikin kuɗin wata da nake biyansa. To mene ne a cikin kuɗin watan?

Idan kuma ka ce a bar sabuntawar don kada abu ya lalace, masu kutse na nan suna jira, don ta tsofaffin manhajojin nan suke shigowa. Ya faru da ni. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kaya a wajena ta kira, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Na shiga duba leshi sai ya kai ni wajen 'yan caca." Na buɗe da wayata, ga ƙwallo, ga kati, ga rubutu da wani yaren da ban sani ba, duk a ƙarƙashin sunan shagona, sunan da mahaifina ya bar mini. Wannan kunyar wa zai biya ni? Na ce a dawo da kwafin da aka ajiye. Ashe ba a ajiye ba. Ajiyar kwafi ma tsari ne daban, da kuɗinsa.

Amma duk waɗannan kuɗi ne, ana nema a samu. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da na gano daga baya: sunan shafin ba da sunana aka yi masa rajista ba. Da imel ɗinsa ya yi, da lambar wayarsa, kalmar sirri tana hannunsa. Duk saƙon tunatarwar da kamfani ke turowa kafin wa'adi ya ƙare wajensa yake zuwa. Idan ya manta, ko ya yi fushi, ko ya yi tafiya, sunan ya faɗi. Bayan ɗan lokacin alfarma sai ya shiga wa'adin fansa na kwana 30, inda karɓo shi ke cin ninkin-ba-ninkin kuɗin sabuntawa, idan wannan ya wuce kuma a sake shi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauka. Ni na biya kuɗin gini, ni nake biyan haya, ni nake biyan gyara, amma idan na ce zan canza ma'aikaci sai na lallaɓa shi kamar ina neman aure a gidansu. Na yi magana a layinmu, sai ga mutum uku sun ce su ma haka aka yi musu. Ɗaya ma yaron nasa ya bar ƙasar, shafin ya mutu, adireshin kuma yana nan a jikin allon shagonsa har yau.

Ban ma ƙirga na gefe ba: data da aka ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, man janareta, yaron da ke ɗaukar hoto yana ɗorawa, kusan kashi ɗaya da rabi da masu karɓar kuɗi ke yanka a kowane ciniki, da tallan Facebook, don shafi ba ya kiran mutane da kansa. Bayan duk wannan, mai saye ya gama dubawa ya ce, "Turo mini ta WhatsApp, in yi maka tiransifa."

Wasu sun ce in rufe kawai in tsaya a dandalin sada zumunta. Waɗannan sun manta yadda aka dakatar da Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu kasuwanci a can suka wayi gari ba shago. Wasu sun ce in koma .com.ng da hukumar NiRA ke kula da shi, a biya da naira. Shawara ce mai kyau ga wanda zai fara yau. Ni adireshina yana jikin leda, yana jikin kati, yana jikin rasit, yana cikin wayoyin mutane a ƙasa uku. Kamfanonin hostin na gida kuma da yawansu daga waje suke hayar na'urorin, da dala ta motsa su ma sai su motsa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. A rubuta wa mutum a takarda: ga kuɗin gini, ga abin da za ka riƙa biya duk shekara, ga wanda ke bin dala, ga abin da kuɗin wata ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. A yi rajista da sunan mai shago, a miƙa masa kalmar sirrinsa ranar da ya cika kuɗi. Nawa injiniyan na ba shi zuwa Juma'a ya mayar da komai sunana a gaban shaidu. Idan bai yi ba, wajen shugabannin kasuwa zan fara kai shi, kuma na san gidan mahaifinsa.