Ya dawo daga asibiti, ku kuma kun riƙe masa sunansa

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayin layinmu, wani tela da ya daɗe da dawowa daga jinyar taɓin hankali ya tambayi wani saurayi cikon kuɗin ɗinkinsa na Sallah. Bai zagi kowa ba, haƙƙinsa ya nema. Sai yaron ya kalle shi ya ce, "Malam, yau ka sha maganinka kuwa?" Aka kwashe da dariya, har wani ya zaro waya zai ɗauka. Bawan Allah ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba, ya biya mai shayi, ya wuce.

Samari, wannan ɗabi'a ta ishe ni. Mutum ya yi ciwo, Allah ya ba shi sauƙi, ya koma kan kekensa yana neman halalinsa, amma ku kun ƙi sallamar sa. In ya yi fushi, ciwon ne ya motsa. In ya yi raha, abin ne ya tashi. In ya yi shiru, a ce a sa masa ido. To yaya kuke so ya yi? Sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa kun jefar, kun maye gurbinsa da "Dawanau" ko "Kware". Asibitocin da aka gina don ceton rai a Kano da Sakkwato sun zama abin zagi a bakinku. Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi a Suratul Hujurat, kuma ayar ba ta ware wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ba.

Kullum hujjarku ɗaya ce, wai mahaukaci ba ya warkewa sai dai rangwame. Wa ya gaya muku? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a ciwon nan mai tsanani da ke sa mutum jin muryoyin da babu su, aƙalla mutum ɗaya cikin uku alamomin kan rabu da shi gaba ɗaya. Wasu da yawa kuma suna shan magani suna sana'arsu, kamar mai hawan jini ko ciwon suga. Hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe ma cewa ya yi har sai ya dawo hayyacinsa. Shari'a ta yarda ana dawowa, ku ne ba ku yarda ba.

Ba ku san abin da mutumin nan yake haƙuri da shi ba. Magungunan kan sa barci mai nauyi da ƙiba, wani hannunsa har rawa yake yi. Da wannan hannun yake zura zare a allura. Ga kuɗin magani duk wata, ga layin ganin likita a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200. Ya haye duk wannan, sai ya zo ya tarar da bakinku. Magana zarar bunu ce. Wani irin wannan gorin ne ke sa ya watsar da maganin don kar a gani, ciwo ya dawo, ku kuma ku ce ai dama mun faɗa.

Abin takaicin, cikin masu dariyar har da waɗanda ba sa iya wuni sai da tiramol da wiwi. Tun 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, amma kun san lungun da ake samun sa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Masu ɗaukar marasa lafiya a bidiyo suna ɗorawa a TikTok don neman mabiya kuwa, sai dai mu ce Allah ya shirya.

Gida ma ba mu tsira ba. A yi shawarar gado ba a kira shi ba, ya nemi aure a bi ta bayan fage a ɓata. Mace kuwa ta haihu ta samu ruɗewar bayan haihuwa, sai a ƙwace jaririn, takardar saki ta biyo baya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mu yankewa muke yi. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta zamanin Turawa ta 1958, sai dai doka ba za ta zo majalisarku ta kama muku baki ba. Tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Lambo, a Aro ta Abeokuta ya riƙa zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, don ya gane zama cikin jama'a yana cikin magani. Ku ja su a jiki, ku kai musu ɗinki, ku kira su da sunansu.

Ban ce da can komai daidai yake ba, an sa mutane a mari, har yau ma ana sawa. Amma da muna yara, in ka bi mai taɓin hankali da ihu, dattijon da bai ma san gidanku ba zai kama kunnenka har gaban babanka, a ƙara maka da bulala. Kowane gida da kwanon da ake zuba masa tuwo. Yanzu dattijon yana zaune a kan benci yana latsa waya, in abin ya ba shi dariya ma ya tura wa abokansa a WhatsApp.